Sukuwar Doki Da Numfashin Kyamara

Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin Ƙofar Kudu ta Gidan Rumfa ranar Hawan Daushe ya san cewa jahi ba ya jiran kowa. Mahaya kan taso daga ƙarshen fili a sukwane, ƙura na bin bayansu, sai sun zo daf da inda Sarki yake su ja linzami gaba ɗaya, dawaki su turje, su kuwa su ɗaga hannu su yi jinjina. Abin duka bai wuce 'yan sakanni ba. A gefen filin kuma akwai masu ɗaukar hoto, wasu 'yan jarida, wasu an ɗauko su haya daga gidajen hakimai, wasu kuwa ɗalibai ne da suka aro kyamarar makaranta. Da yawa daga cikinsu kan koma gida da hotuna barkatai na farkon sukuwa, amma babu hoton da aka je dominsa, wato na lokacin da aka ja linzami. In ka tambaye su dalili, sai su ce kyamara ce ta riƙe.

Ra'ayin da nake son karewa a wannan maƙala shi ne, wannan riƙewa ba tsautsayi ba ce, ba kuma lalacewa ba ce. Abu ne da ɗalibin aji uku na sakandare zai iya lissafa lokacin zuwansa tun kafin ya bar gida. Lambar da aka fi kambamawa a jikin kwalin kyamara, wato yawan hotunan da take ɗauka a sakan guda, ita ce mafi ƙarancin amfani idan an raba ta da wasu lambobi biyu da ba a cika faɗa wa mai saye ba: girman ma'ajiyar wucin gadi da ke cikin kyamarar, da saurin da katin ajiya ke karɓar rubutu. Makarantar da ta fahimci wannan za ta tsira da kuɗinta, ɗalibanta kuma su tsira da wani darasi da ya shafi ilmin halittu kamar yadda ya shafi na'ura.

Me Ya Sa Ake Ɗauka A Jere?

Idon ɗan Adam abin mamaki ne, amma yana da iyaka. Doki mai sukuwa yakan kammala zagayen ƙafafunsa huɗu kimanin sau biyu a cikin sakan ɗaya, kuma ido ba ya iya rarrabe wace ƙafa ce a ƙasa, wace ce a sama. Saboda haka masu zane na ƙasashen Turai suka daɗe suna zana doki mai gudu da ƙafafun gaba a miƙe gaba, na baya a miƙe baya, yana shawagi a iska. Sai a watan Yuni na shekarar 1878 wani mai ɗaukar hoto ɗan asalin Ingila, Eadweard Muybridge, ya warware zancen a gonar Leland Stanford da ke Palo Alto a Amurka. Ya jera kyamarori 12 a gefen hanyar sukuwa, kowace ta ɗauki hoto guda, tsakanin wannan da wancan kimanin kashi ɗaya cikin 25 na sakan. Hotunan sun nuna cewa lalle akwai lokacin da ƙafafun doki duka huɗu ke barin ƙasa, amma a lokacin suna tattare ne a ƙarƙashin cikinsa, ba a miƙe ba. Bayan shekara huɗu, a 1882, wani masanin aikin gaɓoɓin jiki na Faransa, Étienne-Jules Marey, ya ƙera kyamara mai siffar bindiga da ke ɗaukar hoto 12 a sakan, ya yi nazarin tashin tsuntsaye da ita.

Ya kamata mai karatu ya lura da abu biyu a nan. Na farko, ɗaukar hoto a jere tun asalinta kayan aikin bincike ce, kuma tambayar ilmin halittu ce ta haife ta. Na biyu, tun ranar farko tana da iyaka. Faranti 12 Muybridge yake da su. Da sun cika, cikin kimanin rabin sakan, aiki ya tsaya sai an sake shiri. Haka abin ya ci gaba a zamanin fim. Kyamarar Nikon F5 da ta fito a 1996 tana iya ɗaukar hoto 8 a sakan, amma naɗin fim hoto 36 yake ci, wato cikin sakan huɗu da rabi ya ƙare. Mai ɗaukar hoto na wancan zamani yana ganin iyakarsa da idonsa, don haka yakan yi tattalin yatsarsa. Kyamarar zamani ba ta kawar da iyakar ba. Ɓoye ta kawai ta yi a cikin cikinta.

Hanyar Da Hoto Ke Bi

Idan ka danna maɓalli, haske kan faɗa a kan wani ɗan faranti mai miliyoyin ƙwayoyin karɓar haske, a mai da shi lambobi. Waɗannan lambobi ba sa wucewa kai tsaye zuwa katin ajiya, wanda aka fi sani da memori. Sukan fara sauka a wata ma'ajiya ta wucin gadi da ke manne a cikin kyamarar, wadda masu sana'ar ke kira bafa. Ita wannan ma'ajiya tana da matuƙar sauri, amma ƙarama ce, kuma da zarar wuta ta yanke mata sai ta manta duk abin da ke cikinta. Shi kuwa kati yana da faɗi, yana riƙe abin da aka ba shi ko babu wuta, amma yana da nawa wajen karɓa, domin irin ƙwayoyin da aka yi shi da su ba a rubutu a kan tsohon rubutu sai an share gungu guda tukuna. Shi ya sa a kusan kowane kati karantawa ta fi rubutawa sauri.

Wannan tsari ya girmi yawancin masu karanta wannan mujalla. Kyamarar dijital ta farko, wadda Steven Sasson ya haɗa a kamfanin Kodak a 1975, takan kama hoto cikin ƙiftawar ido ta ajiye a ma'ajiyar wucin gadi, sannan ta ɗauki sakan 23 tana kwashe shi zuwa kaset. Hoton kuwa ɗigo 10,000 ne kacal, baƙi da fari.

Mutumin cikin birnin Kano ba ya buƙatar a je da shi nesa kafin ya gane wannan. Kududdufan da ke cikin unguwanni, waɗanda suka samu daga haƙar ƙasar gini, su ne ma'ajiyar wucin gadi ta birni. Idan aka tsuge da ruwa a watan Agusta, yakan sauko da ƙarfin da magudanai da rafin Jakara ba za su iya kwashewa nan take ba. Sai kududdufi ya karɓa ya riƙe, magudana tana ja a hankali. Muddin ruwan ya ɗauke kafin kududdufi ya cika, babu wanda zai san an yi wani abu. Idan kuwa ya cika ruwa bai ɗauke ba, ambaliya ta zo ke nan. Kuma ko bayan ya ɗauke, idan wani hadarin ya biyo baya kafin kududdufi ya janye, to wannan karon cikarsa za ta fi sauri. Wannan ne ya sa unguwannin da aka cike kududdufansu aka yi gini suke shan wahala da damina. Bambancin kawai shi ne, kyamara ba ta ambaliya. Idan ma'ajiyarta ta cika sai ta ƙi karɓar sabon hoto har sai an samu gurbi. Abin da masu ɗaukar hoto ke kira riƙewa ke nan.

Mu Yi Lissafi

Bari mu ɗauki misali da lambobi masu sauƙi, ba na wata kyamara takamaimai ba. A ce ma'ajiyar wucin gadi tana cin megabait 1,000. A ce muna ɗaukar hoto nau'in RAW, wato ɗanyen hoto wanda ba a rage masa komai ba, kowane guda megabait 25. A ce kuma kyamarar tana ɗaukar hoto 10 a sakan. To abin da ke kwarara cikin ma'ajiyar shi ne megabait 250 a kowane sakan.

Idan katin da ke ciki yana karɓar megabait 30 a sakan, abin da ke taruwa shi ne 250 a debe 30, wato 220. Raba 1,000 da 220, za ka samu sakan huɗu da rabi. Ma'ana, bayan hoto kimanin 45 ma'ajiya ta cika. Daga nan kyamarar da aka saya da sunan mai hoto 10 a sakan za ta koma ɗaukar abin da kati ke iya kwashewa kawai, wato 30 a raba da 25, hoto ɗaya da ɗan ɗoriya a sakan. Idan ka ɗaga yatsa kuma, sai ta yi sakan 33 kafin ta gama kwashe abin da ta tara.

Sauya katin da mai karɓar megabait 90. Yanzu abin da ke taruwa 160 ne, ma'ajiya za ta kai sakan shida da kwata, hoto kimanin 62. Bayan ta cika za ka ci gaba da samun hoto fiye da uku a sakan, kuma cikin sakan 11 ta wofinta. Idan kuwa ka bar RAW ka koma JPEG, wato hoton da aka matse, a ce kowane guda megabait 8, abin da ke shiga ya koma 80 a sakan. Da katin farko za ka yi sakan 20 kana ɗauka. Da na biyu ma'ajiyar ba za ta taɓa cika ba, tunda abin da ke fita ya fi abin da ke shiga. A aikace akwai wasu abubuwan da ke shiga lissafin, kamar saurin ƙwaƙwalwar da ke sarrafa hoton, amma ƙashin bayan zancen shi ne wannan.

Yanzu mu koma filin jahi da waɗannan lambobi. Dokin da ke gudun kilomita 40 a awa yana cin kimanin mita 11 a sakan. Idan tsawon sukuwar mita 100 ne, alal misali, zai ɗauki sakan 9. Wanda ya danne maɓalli tun daga tasowar mahaya, da katin farko, ma'ajiyarsa za ta cika dawaki na tsakiyar fili. Lokacin da za a ja linzami, kyamararsa na tafiyar hawainiya. Sannan kafin ta gama numfasawa wata tawagar ta taso. Babu laifin doki, babu na kyamara. Sauri ne ya haifi nawa.

Kada a zaci kuɗi kaɗai na magance wannan. Kyamarar Nikon D1 ta 1999 tana ɗaukar hoto huɗu da rabi a sakan, ma'ajiyarta na riƙe 21, wato ƙasa da sakan biyar. Sony a9 III da aka bayyana a 2023 tana kaiwa hoto 120 a sakan, amma a wannan gudu hoto 192 take jerawa, abin da bai kai sakan biyu ba. Shekara 24 tsakaninsu, sauri ya ninka fiye da sau 25, amma har yanzu mai riƙe da kyamarar sai ya zaɓi lokacin da zai danna.

Jiki Ma Haka Yake

Dalilin da ya sa malamin ilmin halittu zai tsoma baki a zancen kyamara shi ne, dokar da ke mulkin kyamarar ita ce ke mulkin dokin da take ɗauka, da ma mahayinsa. Tsoka ba ta motsi sai da wani sinadari da ake kira ATP. Abin da ke ajiye a tsokar mutum daga wannan sinadari bai wuce na sakan biyu zuwa uku na aiki mai tsanani ba. Bayansa akwai wata ajiyar, ta sinadarin fosfokiriyatin, wadda ke sabunta ATP cikin hanzari har zuwa kimanin sakan 10. Ita ce ke ɗaukar mai tseren mita 100. Da ta yi ƙasa, dole gudu ya ragu ya koma daidai da abin da sauran hanyoyin samar da ƙarfi za su iya bayarwa, kuma a ƙarshe abin da huhu da zuciya ke iya kai wa tsoka na iskar oksijin shi ke yanke hukunci. Idan mai gudun ya tsaya yana haki, rabin ajiyar kan dawo cikin kimanin rabin minti, cikarta kuwa sai bayan minti uku zuwa biyar. Duk malamin wasanni ya san cewa yaron da aka sa ya sake tsere bai huta ba, ba zai kai gudunsa na farko ba.

Shi doki Allah ya hore masa ƙarin wata ajiyar. Saifarsa tana riƙe da kashi ɗaya cikin uku, ko fiye, na jajayen ƙwayoyin jininsa a lokacin da yake hutawa. Da ya zabura sai saifar ta matse ta zuba su cikin jijiyoyi, jinin ya ƙara ƙarfin ɗaukar oksijin. Duk da haka dokin da ya yi jahi sai an bar shi ya huce.

A kyamara ajiyar cika take yi, a tsoka ƙarewa take yi, amma lissafin ɗaya ne: ajiya tana ba ka damar wuce ƙarfinka na ɗan lokaci, ba ta sauya ƙarfin naka. Ɗaliban da suka karanta yadda tsirrai ke haɗa abincinsu da hasken rana sun riga sun haɗu da wannan. A 1905 masanin tsirrai na Ingila, F. F. Blackman, ya bayyana cewa idan aiki ya dogara a kan abubuwa da yawa, wanda ya fi ƙaranci a cikinsu shi ke ƙayyade saurinsa. Ƙara wa ganye haske yadda ka so, idan iskar kabon dayoksaid ta gaza, aikin ba zai ƙaru ba. Ƙara wa kyamara gudu yadda ka so, idan kati ya gaza, a ƙarshe gudun kati za ka samu.

Lambobin Da Ke Jikin Kati

A nan ne aka fi yi wa mai saye rufa-ido, ko da ba da ƙarya ba. Babbar lambar da aka buga a fuskar kati, kamar 100 MB/s ko 170 MB/s, galibi saurin karantawa ce, wato saurin kwashe hotuna daga kati zuwa kwamfuta, kuma mafi ƙololuwarsa. Ba ta da alaƙa da abin da ke faruwa a filin hawa. Abin dubawa su ne ƙananan alamomin da ƙungiyar masu ƙera katin SD, wadda aka kafa a shekarar 2000, ta tsara don nuna mafi ƙarancin saurin rubutu mai ɗorewa. Lamba 10 a cikin harafin C tana nufin megabait 10 a sakan. Lamba 1 a cikin harafin U ita ma 10 ce, lamba 3 a cikin U kuwa 30. Sai V30 da V60 da V90, waɗanda lambobinsu ke faɗin kansu.

Sai dai kati mai sauri ba ya amfani idan ƙofar kyamarar ƙarama ce. Ramin kati irin na UHS-I a ƙa'idarsa ba ya wuce megabait 104 a sakan, kuma kyamarori da yawa ba sa ma kaiwa nan. Na UHS-II yana iya kaiwa 312, kuma ana gane katinsa da layi na biyu na haƙoran ƙarfe a bayansa. Idan ka sa katin UHS-II a kyamarar da raminta UHS-I ne, zai yi aiki, amma da gudun UHS-I. Ƙarin kuɗin ya tafi a banza. Saboda haka kuskuren iri biyu ne. Akwai wanda ya zuba dukiya a kan kyamara ya tsuke hannu a kan kati, akwai kuma wanda ya sayi katin da ya fi ƙarfin kyamararsa. Littafin da ke zuwa da kyamara yana faɗin irin ramin da take da shi, a nan ya kamata a fara. Bugu da ƙari, akwai katunan jabu a kasuwannin duniya, masu ɗauke da alamar da ba su cika ta ba. Araha ba ta ado, kuma tambari ba hujja ba ne. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Masu Ja Da Wannan Ra'ayi

Wani zai ce, ina ruwanmu da wannan wahala, alhali wayar hannu tana ɗaukar bidiyo na tsawon awa ba ta riƙe ba? Akwai gaskiya a maganarsa. Bidiyo ba ya cika ma'ajiya domin ana matse shi sosai kafin a rubuta, har abin da ke shiga ya yi daidai da abin da kati ke ɗauka. Ga ɗalibin da ke son ƙirga sau nawa kadangare ke gyaɗa kai a kan ganuwa, ko ya ga jerin saukar ƙafafun doki, bidiyon waya mai tafiyar hawainiya ya wadatar, ina ma ƙarfafa a yi amfani da shi. Amma matsewar tana da farashi. Firam ɗaya na bidiyon 4K ɗigo miliyan 8 ne da 'yan kai, an kuma zubar da bayanai masu yawa daga cikinsa. Wanda ke son hoton da za a buga babba, a ga zaren ɗinkin alkyabba da adon sirdi da yanayin tsokar wuyan doki, ko ya auna buɗewar fiffiken shirwa sa'ad da ta kawo sura, yana buƙatar cikakken hoto. Kowane aiki da kayansa.

Wani kuma zai ce, makarantar da ke fama da ƙarancin kujeru ina ta ga ta kyamara? Amsata ita ce, darasin ba ya buƙatar kyamara. A samo bokiti a huda gindinsa, a riƙa zuba ruwa da moɗa, ɗalibi guda na riƙe da agogo. A auna saurin zubawa, a auna saurin yoyo, a yi hasashen lokacin cika, sannan a gwada a gani. A faɗaɗa hudar a sake. Yaron da ya yi wannan da hannunsa ya gane kududdufi, ya gane hakin mai tsere, ya gane layin asibiti da cunkoson ababen hawa a Ƙofar Nassarawa. Makarantar da kuɗinta kaɗan ne kuwa ita ta fi buƙatar kada ta yi sayen nadama ranar da ta samu hali.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Na farko, a gwada kyamara a gida. A fuskantar da ita ga agogon waya mai ƙirga sakanni, a danne maɓalli har sautin ɗaukar ya sauya, sannan a saki a jira ɗan fitilar da ke nuna ana rubutu ta mutu. Hotunan da kansu za su nuna sakan nawa aka yi kafin gudu ya faɗi. A tara nauyin hotunan duka a raba da lokacin da aka ɗauka daga dannawa zuwa mutuwar fitila. Abin da ya fito shi ne, a kusance, ainihin saurin rubutun wannan kati a cikin wannan kyamara. A maimaita sau uku a ɗauki matsakaici, kamar kowane gwaji na ɗakin kimiyya.

Na biyu, a zaɓi nau'in hoto gwargwadon aiki. Idan abin zai daɗe, JPEG ko RAW da aka matse ya fi dacewa. Rage gudu daga hoto 10 zuwa 5 a sakan yana ninka tsawon lokacin ɗauka fiye da sau biyu. A misalinmu na katin farko, daga sakan huɗu da rabi zai koma sakan goma da rabi, wanda ya isa jahi guda.

Na uku, kada a cire kati ko batir fitilar rubutu na kunne. Hotunan da ke ma'ajiyar wucin gadi ba su zama naka ba tukuna.

Na huɗu, kuma mafi muhimmanci, a san halin abin da ake ɗauka. Tsakanin ido ya gani da yatsa ta motsa akwai kimanin kwata na sakan, kuma a wannan ɗan lokaci doki ya ci kusan mita uku. Wasu kyamarori, kamar wadda Olympus ta fitar a 2016, sukan riƙa tara hotuna a ma'ajiya suna zubar da tsofaffi tun ana rabin dannawa, don su adana abin da ya faru kafin yatsa ta sauka. Dabara ce mai kyau, amma ba ta maye gurbin sani. Wanda ya kalli tawaga biyu ko uku ya gane inda ake fara jan linzami, ya ga yadda mahayi ke jingina baya kafin doki ya turje, zai danna na sakan biyu kawai a daidai wurin, ya saki, ma'ajiyarsa ta huce kafin masu zuwa. Haka mai nazarin tsuntsaye ke yi: ya san hazbiya kan ɗan durƙusa kafin ta tashi, don haka yana jiran durƙuson.

Kammalawa

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na bil Adama. A 2020 kuwa annobar korona ta hana a yi hawa. Waɗannan biyun sun isa su tuna mana cewa kowane hawa abin adanawa ne, kuma wanda ya wuce ba ya dawowa da mahayansa da dawakinsa. Ya dace a ce 'ya'yan cikin birni ne ke kan gaba wajen adana shi, da sani, ba da dogaro ga sa'a ba.

Kira na ga malamai shi ne su ɗauki wannan batu zuwa aji, malamin lissafi da na kimiyya da na ilmin halittu su haɗu a kan bokiti guda. Ga ɗalibai kuwa, duk lokacin da aka nuna muku babbar lamba a jikin wata na'ura, ku yi tambaya uku: har tsawon wane lokaci za ta riƙe wannan gudu, me za ta koma bayan nan, kuma yaushe za ta farfaɗo? Wanda ya saba da waɗannan tambayoyi ba a sayar masa da kwali. Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin.